Ciwon Kan Yaya

A gidanmu ba a taɓa cewa Yaya ya taɓu ba. Cewa muke yi yana fama da ciwon kai, kuma mun daɗe muna faɗin haka har bakinmu ya saba, ko daga barci aka tashe ni abin da zan faɗa ke nan.

Gidan haya ne a Bracodi, wata unguwa a Abidjan, irin wanda ɗakuna ke jere suna kallon juna, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, in wani ya yi tari kowa ya ji. Iyayenmu daga wajen Maraɗi suka zo tun ba a haife mu ba. Baba yana sayar da takalma a sari a kasuwa, kusa da inda ake kira Roxy, da ƙarfinsa ya fara ja baya sai Yaya, ɗansa na fari, ya karɓi shagon. Ni ce aka sa a makarantar boko, Faransancina ya fi Hausata santsi, don haka ni ce bakin gidan a duk inda ake buƙatar magana da hukuma. Bakin kuwa ina da shi, har ya yi yawa. Matan gidan suna cewa kafin a gama gaishe ni na riga na yi faɗa biyu.

Yaya ba haka yake ba. Mutum ne mai sanyi, in ka taka shi shi zai ba ka haƙuri. Babban abokinsa shi ne telan da ke ɗakin da ke fuskantar namu, ɗan ƙabilar Jula daga arewacin ƙasar, wanda kekensa na ɗinki ke ƙarƙashin rumfa a bakin ƙofarsa. Da yamma su biyun suna haɗa shayi suna gardamar ƙwallo, Yaya da Julancinsa na kasuwa, tela da 'yar Hausarsa da ya tsinta a wajenmu. Duk rigunan sallar Yaya shi ke ɗinka su.

Wata rana Yaya na tsallaka titi a Roxy da kwalin takalma a ka, gbaka ta kwashe shi, wato ƙananan motocin hayar nan da ba su san birki ba sai sun ga fasinja. Kansa ya bugi bakin kwalbati. Ya yi makonni a asibiti a Treichville bai san inda yake ba, muna zaune a baranda muna jan carbi. Da ya buɗe ido ya kira Inna, Baba ya yanka rago.

Wanda muka dawo da shi gida fuskar Yaya gare shi, da muryarsa, da tafiyarsa, amma ba shi ba ne. Ƙara kaɗan ta ishe shi, rediyo ko kukan yaro ko ƙarar cokali a kwano. Sai ka ga jijiyar wuyansa ta tashi, ya yi jifa da duk abin da ke hannunsa, can kuma ya zauna yana tambayar wa ya fasa kofi. Ya daina jin wari, tukunya na ƙonewa a gabansa bai sani ba. An taɓa zuwa gaisuwar mutuwa da shi ya fashe da dariya a tsakiyar addu'a, Baba ya janye shi waje gumi na zuba masa. Likitan da ya sallame mu ya ce mu kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa, ni na fassara wa Baba. Baba ya tambaya ko asibitin mahaukata ake nufi, na ce kusan haka ne. Bai sake ɗaga maganar ba. Yana da 'yan mata uku a gida, yana sallah a sahun gaba, kuma ya san yadda ake gudun neman aure a gidan da aka ce akwai hauka. Aka koma rubutu da turare da tofi, a cikin ɗaki, ƙofa a rufe.

Mutanen unguwa ba makafi ba ne. Sun gani, sun kau da kai, domin a wurinmu haka ake yi wa maƙwabci: ka rufa masa asiri, Allah ya rufa naka. In Yaya ya yi ta'asa a shago, 'yan'uwansa 'yan kasuwa su kwashe abin da ya watsar, su rako shi gida, su ce wa Baba yau ciwon kan ya motsa.

Mutum ɗaya ce ta ƙi wannan wasan, matar tela. Wata safiya ta shigo ɗakinmu ko sallama ba ta gama ba, ta ce wa Inna, "Mama, ɗanku ya harbi murhun gawayi da ƙafa, saura kaɗan garwashi ya zubo wa ƙaramar 'yata. Kansa ya lalace. Ku kai shi asibiti tun bai kashe wani ba."

Inna ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na miƙe na riƙe ƙugu.

"Tanti, in mahaukaci kike nema ki duba ɗakinki. Yayana ciwon kai yake yi. Ki janye 'ya'yanki daga ƙofar mutane."

Matan gida suka yi mini kirari a kan wannan amsar, na wuni ina jin kaina.

Abin ya faru ana dab da ƙaramar sallah, da hantsi. Aiki ya taru wa tela, keken bai huta ba tun asuba. Ina wanke-wanke a famfo na ga Yaya ya fito, ya ɗauki taɓaryar Inna da ke jingine da turmi, ya nufi rumfar a natse kamar mai zuwa aron almakashi. Babu cacar baki, babu komai. Ya sauke ta a kan abokinsa, ya ƙara, tela ya kare da hannu ya ƙara a hannun. Kafin maza su iso ya yar da taɓaryar da kansa, ya koma bakin ƙofarmu ya zauna. Matar tela na ihu, jini ya ɓata shaddar mutane, shi kuma yana tambayata ko an dafa shayi.

Tela bai mutu ba. Hannunsa na dama ne ya mutu, maganarsa kuma ta koma ja, kalma ɗaya sai ya yi ta fama da ita. 'Yan sanda suka tafi da Yaya. A komisariya, wato ofishinsu, wani jami'i ya tambaye ni ko yayana yana da wata lalura, bakina ya riga hankalina, na ce ciwon kai ne kawai yake ɗan damunsa. Ya rubuta, na sa hannu. Daga nan aka wuce da Yaya gidan yari ana jiran shari'a.

Muka samu lauya, wata mata mai gajeren haƙuri kamata. Ita ta fahimtar da ni yadda abin yake. Doka ba ta hukunta wanda hankalinsa ba ya jikinsa lokacin da ya aikata laifi, asibiti ake kai shi. Amma mai cikakken hankali da ya ɗauki taɓarya ya nufi maƙwabcinsa haka kawai, wannan shekaru masu yawa ne a kurkuku. Ta tambaye ni takardun asibiti, na kawo na hatsarin, waɗanda suka ce ƙashin kai ya warke an sallame shi. Bayan su babu komai, tunda ba mu koma ba. Likitan da alƙalin bincike ya tura ya duba shi kuma ya same shi a ranar da yake lafiya lau: ya gaishe shi da ladabi, ya faɗi ranar wata, ya lissafa masa kalolin takalman da ke shagonsa.

"Saura mutane," in ji lauya. "Alƙali zai turo wanda zai tambayi maƙwabta halinsa. Su faɗi abin da suka gani, shi ke nan."

Ban yi tunanin gargaɗin kowa ba, kuma ko na yi ban san ta inda zan fara ba. Mai binciken ya zo ya zaga unguwa. Ya ga liman, ya ga mai gidan hayarmu, ya ga mai shayin bakin titi, ya je Roxy ya ga 'yan layin takalma. Kowannensu ya dafa ƙirji ya ce yaron nan lafiyarsa ƙalau, hankalinsa cikakke, ba su taɓa ganin wani abu a tare da shi ba. Da yamma suka zo gidanmu a jere, fuskokinsu cike da jin sun yi abin kirki.

"Alhaji, kwantar da hankalinka," in ji liman. "Mun rufa asiri. Ko kalma ɗaya ba ta fita ba."

Baba ya riƙe hannunsa da hannu biyu yana godiya, har da ƙwalla. Ni ce na kawo musu ruwa.

Da lauya ta karanta abin da suka faɗa, sai ta ture takardun gefe ta dube ni. Ta ce, "Mutanenki sun haƙa wa yayanki rami da ladabinsu. Yanzu a gaban alƙali shi mutum ne mai hankali da ya so kashe abokinsa."

A makon na je ganin Yaya. Leɓensa a kumbure, ido ɗaya a rufe. A ɗakin da aka sa shi mutane sun yi yawa, hayaniya ba ta yankewa, in ya tashi da jifa su kuma su taru su lallasa shi. Ya rame har wuyan rigarsa na zamewa. Na san in aka bar shi a nan ba shekarun zai ƙirga ba, gawarsa za a ba mu. Da zan tafi ya riƙo hannuna ta tsakanin ƙarafa ya ce, "In kin koma ki tambayi tela ko ya gama mini rigar sallah."

Na fara bin gidaje. Ni da na yi shekaru ina zare wa mutane ido in sun kalli Yaya sau biyu, yanzu ni ce ke durƙusawa ina roƙon a je a ce mahaukaci ne. Ban taɓa jin kunya irin wannan ba. Liman ya saurare ni har na gama, ya shafa gemu ya ce, "'Yata, so kike in tsaya gaban hukuma in ce ɗan Alhaji ya haukace? Da wane ido zan dubi mahaifinki a masallaci? Kuma na riga na ba da shaida, in na sake ta na zama maƙaryaci." 'Yan layin takalma suka ce in manya sun je su ma za su je. Mai shayi ya ce takardun zamansa a ƙasar ba su cika ba, ba ya son yawan shiga ofis. Kowa ya bi ni da addu'a har bakin ƙofa.

Baba tun ranar da abin ya faru ya daina fita, hawan jini ya kwantar da shi. Saura Inna. Amma Yaya ɗan fari ne, kuma Inna irin matan da ne masu tsananin alkunya. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce "wancan", in ana zancensa ta tashi ta ba da wuri. Na kwana biyu ina koya mata abin da za ta faɗa. Da muka shiga ofishin alƙalin bincike, tafinta ya ce ta ba da labarin ɗanta bayan hatsari, sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska tana kallon ƙasa. Aka sake tambaya. Ta ce, "Allah ne ya san halin bayinsa." A mota na yi mata faɗan da har yau ba na son tunawa, ita kuwa hawaye kawai ke bin mayafin. Tawa shaidar ba ta da nauyi, ƙanwa ce ni, kuma ga sa hannuna a komisariya cewa ciwon kai ne.

Lauya ta ce, "A duk gidan nan babu wanda ya taɓa faɗin gaskiya da babbar murya?"

Akwai kuwa: matar tela.

Bayan an sallami tela daga asibiti sun bar Bracodi, sun koma wajen wan matar a Treichville. Na sayi sabulu da sukari irin na dubiyar mara lafiya, na hau motar haya muka tsallaka gada. Sau biyu na kusa ce wa direba ya sauke ni. Na same ta a bakin titi gaban gidan, tana soya ayaba tana sayarwa, sana'ar da ba ta taɓa yi ba lokacin da keken mijinta ke aiki. Shi yana zaune a benci bayanta, hannun a kan cinya kamar an ajiye masa kayan wani, gefen kansa ya lotsa inda gashi bai fito ba. Da ya gan ni fuskarsa ta washe. Ya yi ta kokawa da bakinsa har kalmar ta fito.

"Yako," ya ce mini, wato sannu da abin da ya same ku, kamar yadda ake faɗa a Abidjan.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na durƙusa na ajiye ledar a gefen kaskon.

"Tanti, ina wuni. Ya mai jiki?"

Ta juya ayabarta, ta sallami wata yarinya, ta share hannu a zane, sannan ta dube ni.

"Me ya kawo ki?"

Na yi mata bayani da Faransanci, ina haɗawa da ɗan Julancina. Na ce mata sabari, wato ta yi haƙuri. Na faɗi abin da maƙwabta suka gaya wa mai bincike, da halin da Yaya ke ciki, da cewa ita kaɗai ce ta ga abin da idonta kuma ba ta da dalilin yi mana ƙarya.

"Me ke damun yayan naki?" ta tambaya.

"Tun hatsarin nan yake fama da ciwon..."

"A'a. Ba wannan ba. Wannan na ji shi ranar da kika ce in duba ɗakina."

Akwai mutane uku ko huɗu a tsaye suna jiran ayaba, sun daina hirarsu. Mai na tafasa a kasko. Na dubi tela, yana ta yi mini murmushi da rabin baki.

"Kansa ya lalace," na ce.

"Ban ji ba."

"Yayana mahaukaci ne, Tanti. Tun da mota ta buge shi. Mun sani, dukanmu mun sani."

Wannan ne karo na farko da kalmar ta fita daga bakin wani ɗan gidanmu, kuma a bakin titi ta fita, gaban baƙi. Ta daɗe tana kallona. Sai ta ture ledar sabulun da ƙafa ta dawo gabana.

"Ɗauki kayanki. Zan je. Ba don ke ba, ba don uwarki ba. So nake a rubuta a takardar hukuma cewa na faɗa muku."

Ta je kuwa. Lauya ta ce ta yi magana mai tsawo ba ta rage komai ba: murhun gawayi, kofunan da aka fasa, dariyar gidan makoki, hayaƙin turaren da ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofarmu, da amsar da na ba ta kalma bayan kalma. Ta ce mutumin da ya sha shayi da mijinta shekara da shekaru ba zai taɓa ɗaga masa hannu ba, wanda ya dawo daga asibiti wani ne daban. Da yake matar wanda aka raunata ce ke faɗin haka, alƙali ya sa aka sake duba Yaya, wannan karon likitoci suka ajiye shi kwanaki suna lura da shi, aka ɗauki hoton kansa. Suka ga inda ƙwaƙwalwar ta mutu ta wajen goshi, wurin da suka ce shi ke riƙe mutum in ransa ya ɓaci.

A Bracodi da labari ya iso, matan gida suka taru a ɗakin Inna suna jajanta mata. Ba a kan Yaya ba, a kan tonon asiri. Suka ce matar nan ba ta da sutura, ta je ta zubar da mutuncin gidan Alhaji a gaban hukuma. Ina zaune ina ji. Ni mai bakin da ba ya shiru, ranar ban ce uffan ba, kuma Inna ma ba ta gyara musu ba.

Shari'ar ta ja lokaci, kamar yadda takan ja. A ƙarshe alƙali ya yanke cewa Yaya ba ya cikin hankalinsa sa'ad da ya ɗauki taɓarya, ba za a hukunta shi ba. Aka ɗauke shi daga gidan yari zuwa asibitin masu taɓin hankali da ke bayan gari. Yana can har yanzu, muna kai masa abinci. Magani ya sa ya yi ƙiba, ya yi nauyi, ba ya jifa. Wani lokaci yana tuna abin da ya yi ya yi ta kuka, wani lokaci ya tambayi rigar sallarsa.

Ranar da hukuncin ya fito Baba ya sa aka yi sadakar waina a masallaci, ni kuma na sake tsallaka gada, don na ga bai kamata matar tela ta ji a bakin wani ba. Wannan karon ban riƙo komai ba. Tana wurinta, mijin yana bencinsa, babbar 'yarsu da ta bar makaranta tana ɓare mata ayaba. Na gaishe su, na faɗa mata abin da alƙali ya ce, na yi godiya iyakar iyawata. Na ce ta ceci ran yayana.

Ta saurare ni ba ta daina aiki ba. Ta kwashe soyayyar ta zuba a kwando, ta zuba ɗanya a mai, ta rage wuta. Babu faɗa a muryarta da ta yi magana.

"Alƙali ya ce ba laifinsa ba ne. Na yarda, ni na fara faɗa." Ta nuna mijinta da cokalin suya, man yana ɗiga. "To, wannan laifin wa ne?"

Na tsaya a wurin, ina jin zafin kaskon a ƙafafuna. Ta jira ni. Can sai ta juya ga wani mutum da ke bayana ta tambaye shi ta nawa zai saya.